Kuɗinmu Sun Koma Cikin Waya, To Wa Ke Gadinsu?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu masu fataucin wake ya gabatar a zaman ƙungiya na ƙarshen shekara a nan Sabo, Ibadan. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, bisa roƙon waɗanda ba su sami damar halarta ba.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya tara mu a wannan wuri cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe Sarki, Allah Ya ja zamaninka. Allah gafarta malamai. Shugabannin ƙungiya, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da ku samarinmu da ke zaune can baya, ina gaishe ku gaba ɗaya, da fatan mun baro iyali lafiya.

Da shugabanni suka aiko mini cewa ni zan yi magana a kan wayar hannu, sai da na yi dariya, domin autana ma ya fi ni iya latsa ta. Sai suka ce ai ba maganar latsawa ake so ba, maganar kuɗin da ke cikinta ake so. Na ce to madalla, wannan kam na ci riba a ciki, na kuma sha asara a ciki, saboda haka ina da abin faɗi. Idan na yi kuskure, malamai da manya su gyara mini.

Bari in fara da tuna mana inda muka fito. Waɗanda muka tasa tare ba za su manta da lalita ba. In za ka tafi Arewa saro kaya, sai ka ɗaura ta a ƙugu ƙarƙashin riga, wani kuma ya cusa kuɗinsa cikin buhun gari ya ɗora a bayan tirela. Daga Ilori zuwa Jebba, daga Mokwa zuwa Birnin Gwari, ba ka da barci, addu'a kawai kake yi kada 'yan fashi su tare hanya. In kuwa saƙo za ka aika gida, sai ka nemi direba ɗan garinku ka ba shi wasiƙa, ko ka ɗauki maganarka a kaset ka ba shi ya kai wa tsohuwa. Mai son buga waya kuwa sai ya je ofishin NITEL ya bi layi, domin a wancan lokaci layukan tarho da ke ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba.

A watan Agusta 2001 wayar GSM ta shigo, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai sai da ya kai N20,000 ko fiye, kira kuwa N50 ne minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai a 2003 da Glo ya shigo aka fara lissafi da daƙiƙa. Duk da tsadar nan mun saya, domin mun ga amfani. Kana zaune a Bodija sai ka ji farashin wake a Dawanau kafin ka ɗaga ƙafa. Amma a lokacin waya ta magana ce kawai, kuɗi suna nan a hannu.

Daga baya ne kuɗin suka fara bin maganar. A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara gwada tsarin rage hulɗa da tsabar kuɗi a Legas. A 2014 aka kawo lambar BVN, mai alƙaluma 11, wadda ke haɗa dukan asusun mutum da zanen yatsunsa. Da yawa daga cikinmu muka ce wannan harkar ma'aikata ce da 'yan boko, ba ta shafi mai rumfa ba. Muka ci gaba da cinikinmu kamar da.

To, sai ga abin da ya same mu a farkon 2023. A watan Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a canza takardun N200 da N500 da N1,000. Aka ce daga 31 ga Janairu 2023 tsofaffin sun daina aiki, sannan aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Muka kwashi tsofaffin kuɗi muka kai banki, sababbin kuwa babu su. Jama'a, kun gani da idonku. Mutum da dukiyarsa a banki amma ya rasa na cefane. Tumatir da attarugu suna ruɓewa a kasuwa don mai saye ba shi da abin biya. Na ga inda mutum ya tura N10,000 ga mai POS aka miƙo masa N8,000, kuma har yana godiya. Har zanga-zanga aka yi a garin nan. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki, sannan aka fara samun sauƙi. Amma kafin nan aikin gama ya gama. Mai shayi, mai nama, mai gyaran takalmi, 'yar talla, kowa ya buɗe asusu a waya, ba don yana so ba, sai don dole.

Tun daga wannan lokaci muka rabu gida biyu, kuma duk wanda ke zama a majalisa bayan la'asar ya san wannan gardama. Dattawanmu suna cewa kuɗin da ba ka ƙirga da hannunka ba, ba naka ba ne. Suna cewa ranar da sabis ya ɗauke, mai miliyan da mai sisi duk ɗaya ne. Suna cewa a da ɓarawo sai ya tare hanya da bindiga, yanzu kuwa yana kwance a ɗakinsa a wani gari zai kwashe maka jari. Duk wannan gaskiya ne.

Samari kuma suna cewa, Baba, yaushe rabon da a tare ka a hanya a kwance maka lalita? Suna cewa yanzu kana Ibadan za ka biya manomi a Potiskum kafin ka gama shan shayi. Suna tuna mana rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairu 2021, Allah Ya kiyaye na gaba, inda wanda kuɗinsa ke cikin rumfa suka tafi tare da rumfar, wanda nasa ke cikin asusu kuwa ya sami abin da zai sake tada jari. Wannan ma gaskiya ne.

To ni abin da na gani shi ne, duka ɓangarorin biyu suna gardama a kan abin da ya riga ya wuce gardama. Zamani riga ne. Ko mun so ko mun ƙi, kwastomanmu da waya yake zuwa. Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne wannan: mene ne ya tsare dukiyar iyayenmu a wannan zango, kuma ina muka bar shi?

An kafa Sabo a 1916. Iyayenmu da kakanninmu sun yi fataucin shanu da goro tsakanin nan da Arewa ba tare da banki ba, kuma mafi yawan cinikin a kan bashi yake tafiya. Baƙo ya kawo shanu ya sauka a gidan maigidansa. Dillali ya haɗa shi da mahauci. Mahauci ya kora saniya ba tare da ya biya ba, sai bayan ya sayar da nama. Me ya sa baƙon ya yarda? Domin maigida ya tsaya masa, in mahauci ya gudu maigida ne zai biya. Dillali ya san mahaucin, ya san rumfarsa, ya san wanda ya taɓa cin bashi ya hana. Ga kuma malamin maigida da littafinsa yana rubuta komai. Haka huhunan goro suke tafiya Kano da Sakkwato, kuɗinsu su dawo. Ana cewa amana ce ta riƙe kasuwancin nan. Haka ne. Amma amanar ba ita kaɗai take tafiya ba, tana tare da abu uku: sanin mutum, da shaida, da rubutu.

Kuma ba su ƙago wannan da kansu ba. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Ke nan addininmu bai ɗauki rubutu da bincike a matsayin rashin yarda da ɗan'uwa ba. To mu da muka koma waya, sai muka ɗauki amanar muka tafi da ita, muka bar sani da shaida da rubutu a baya. Nan bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina tona asirin wasu. A cikin wahalar 2023 ɗin nan, wani mutum mai kyan shiga ya zo rumfata da yamma ya yi cinikin buhu 6 na wake. Bai ja farashi sosai ba. Ya karɓi lambar asusuna ya latsa wayarsa, ya nuna mini rasit da sunana a jiki. Can sai wayata ta yi ƙara, na duba na ga saƙo da sunan bankina, an ce kuɗi sun shigo. Yarana suka loda masa kaya a mota, har na ƙara masa da addu'a. Da dare na ce wa ɗana ya duba mini abin da ke cikin asusu. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, Baba, ba abin da ya shigo yau. Na ce sabis ne, mu jira safe. Safiya ta yi, jibi ta yi, shiru. Na je banki, suka ce ba su suka turo saƙon ba. Sama da N300,000 ke nan suka tafi, kuma rabin kayan ba nawa ba ne, amana ce aka turo mini daga gida, sai da na biya daga aljihuna.

Abin da na koya da kuɗina, ga shi na ba ku kyauta. Rasit ɗin da ke cikin wayar mai saye hoto ne kawai, akwai manhajojin da ake haɗa shi da su. Saƙon alat ma ana iya turo shi da sunan banki alhali ba daga bankin ya fito ba. Shaida ɗaya ce tabbatacciya, wato ka buɗe asusunka da wayarka, ka ga kuɗin da ke ciki sun ƙaru. In ba ka ga haka ba, cinikin biri a sama ka yi. Kuma ku lura da salonsu: suna zuwa lokacin da kasuwa ta cika ko magariba ta gabato, suna nuna sauri, suna sa ka ji kunyar tsayar da babban mutum. Kada ka ji kunya. Ka ba shi kujera da ruwan sanyi, ka ce, Alhaji, a yi haƙuri kuɗin su sauka. Mutumin kirki zai zauna. In kuwa da gaske an cire masa kuɗi ba su iso ba, wanda yakan faru, to tsakaninsa da bankinsa ne, kaya dai su kwana a rumfa.

Na biyu shi ne lambar sirri. Da yawa daga cikin manyanmu ba sa karanta boko, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Amma abin da ke faruwa shi ne, mutum ya miƙa katinsa ga mai POS ya faɗa masa lambar da ƙarfi kowa na ji, ko ya ba yaron shago wayarsa da lambarsa gaba ɗaya. Wanda bai taɓa ba yaronsa makullin akwatin kuɗi ba, yau ya ba shi abin da ya fi makulli. Sannan ga 'yan 419 masu bugo waya su ce daga banki ne, za a rufe maka asusu in ba ka karanto lambobin da aka turo maka yanzu ba. Wasu har da Hausa suke magana, su kira ka da cikakken sunanka. Ku riƙe wannan: babu bankin da zai bugo ya tambaye ka lambar sirrinka ko lambar da aka turo ta saƙo. Ka kashe wayar kawai. In kuma aka sace maka waya, kada ka tsaya jimamin wayar, layin da ke ciki shi ɓarawo yake so, domin da shi ake shiga asusu. Ka ari wayar na kusa da kai a rufe asusun nan take, sannan ka je a rufe layin.

Na uku shi ne aron suna. A watan Disamba 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. A watan Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, aka kuma sa 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Maimakon mu je mu yi namu, wasunmu sai suka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi, wasu suka haɗa nasu da lambar yaronsu ko ta maƙwabci. To ka sani, a wurin kamfani da banki, layin na wanda sunansa ke jiki ne. Ranar da ya ɓace, ba kai za a ba sabo ba. Ɗaya gefen kuma ya fi muni. Ana bin samarinmu ana ba su 'yan dubbai don su ba da NIN ko BVN a buɗe asusu da sunansu. Ɗana, in aka karɓi kuɗin damfara ko na fansa ta wannan asusu, sunanka jami'an tsaro za su gani, ba na wanda ya ba ka kuɗin ba. Mu kuma baƙi ne a ƙasar mutane, in ɗaya ya jawo, sai a ce Hausawan Sabo.

Na huɗu, shi ne wanda ya fi taɓa mini zuciya, wato mutuwa. Akwai wani bawan Allah da muka yi maƙwabtaka a kasuwa, Allah Ya jiƙansa. Rashin lafiyar kwana biyu ya yi ya cika. Kowa ya san yana juya kuɗi masu kauri, amma da aka buɗe akwatinsa ba a sami abin kirki ba, komai yana cikin waya. Wayar a kulle, matarsa ba ta san lambar ba, ba ta ma san bankuna nawa yake hulɗa da su ba. Layin kuma da sunan wani tsohon yaronsa ne da ya koma gida tuntuni. Masu bin sa bashi suka zo, waɗanda yake bi kuwa ba wanda ya zo, domin ba littafi. Marayu biyar ya bari. Da idona na ga an sayar da firjin gidan don a biya haya.

Ku sani, banki ba ya sakin kuɗin mamaci don kawai an zo da kuka. Sai an kawo takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Sunan ɗan'uwa makusanci da ka rubuta a fom ba ya mai da shi magaji. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuwa, kamfani yana iya karɓewa ya sayar wa wani. Kuma bisa ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2024, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba, ana kwashe abin da ke ciki a kai ajiya can wurinsa har sai mai haƙƙi ya zo nema. To wanda bai san da asusun ba, yaya zai nema? Ba ina cewa ka raba wa iyali lambar sirrinka ba. Hasali ma wanda ya san lambar mamaci ya je ya cire kuɗi kafin a yi rabon gado, dukiyar magada ya taɓa, malamai suna nan su gaya muku hukuncinsa. Abin da nake cewa shi ne ka rubuta: ina da asusu a wuri kaza da wuri kaza, ina bin wane, wane yana bi na. Ko da ajami ne, ka rubuta, ka ajiye inda amintacce ya sani.

Na biyar shi ne bashin waya da ribar dare ɗaya. Akwai manhajojin da za su ba ka rance cikin minti biyar, ba jingina, ba mai tsaya maka. Ka tambayi kanka, wanda bai san ka ba, me ya dogara da shi? Da mutuncinka ya dogara. Lokacin da ka sauke manhajar ka ba ta izinin ganin lambobin mutanenka, in ka yi jinkirin biya sai su tura wa surukinka da limaminku cewa kai ɓarawo ne. Abin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris 2022, kamfanin Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane a 2023. Wannan duk bayan maganar riba ce, wadda mun san matsayinta a addini. Mai neman banki marar ruwa, akwai Jaiz tun 2012, akwai TAJ tun 2019, akwai Lotus tun 2021.

Su kuma masu cewa ka zuba kuɗi su ninka cikin wata ɗaya, ai mun ga MMM da ta rufe da kuɗin mutane a watan Disamba 2016. Muka ce an yi hankali. Sai ga CBEX a watan Afrilu 2025, har mutane suka fasa ofishinta a Oke-Ado nan cikin garin nan suna kwasar kujeru don baƙin ciki. Kujera za ta maye jari? Mu 'yan kasuwa ne, mun san abin da buhu ke kawowa bayan an cire kuɗin mota da na lebura da na dillali. Duk sana'ar da aka ce tana ninka kuɗi cikin kwana 30 kana kwance, kuɗin na baya ake biyan na gaba da su. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai kuma 'yan ƙananan kuɗin da ake yanka, waɗanda ba ma sa su cikin lissafi. Kuɗin tura kuɗi, kuɗin saƙon alat, ladan mai POS, da N50 ɗin gwamnati a kan N10,000 zuwa sama, wanda a watan Disamba 2024 aka faɗaɗa shi har zuwa asusun manhajoji irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. A watan Janairu 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Ɗaya-ɗaya ba komai ba ne, amma mai ciniki 40 a rana ya tara na wata ya gani. A sa shi cikin lissafin kaya kamar yadda ake sa kuɗin dako. Ga 'yan'uwanmu masu POS kuma, sana'arku halal ce in ladan aiki kuke karɓa, sananne, daidai wa daida. Amma abin da aka yi a 2023, na sayar wa mutum naira da naira saboda ya matsu, a je a tambayi malamai, kada a maimaita.

Haka nan kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya don an ga manhaja tana da sauri. A tambaya ko tana da lasisin Babban Banki, ko kuma hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta tsaya mata. A 2024 hukumar ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya rushe zuwa N5,000,000 a manyan bankuna, da N2,000,000 a ƙananan bankunan al'umma. A watan Yuni na wannan shekarar ta 2024 aka soke lasisin bankin Heritage, kun ga ke nan ba tatsuniya ba ce. Mai babban jari ya raba shi wuri biyu ko uku, ya kuma bar ɗan abin cefane a hannu saboda ranar da sabis zai ɗauke.

To, ranka ya daɗe, kada in yi ta kuka ba magani. Ina roƙon ƙungiya abu huɗu. Na farko, a zaɓi samari uku ko huɗu amintattu, waɗanda aka san iyayensu, su riƙa zama a ofishin ƙungiya ranar Juma'a bayan an sauko, suna koya wa dattawa da iyayenmu mata yadda za su duba asusunsu da hannunsu, ba tare da sun faɗa wa kowa lambar sirri ba. Na biyu, a sa rana a raka duk wanda layinsa ko asusunsa ba da sunansa yake ba, a je a gyara tun yana da rai da lafiya. Na uku, mu yi ittifaƙi a kasuwanninmu cewa kaya ba sa barin rumfa sai mai rumfa ya ga kuɗi a asusunsa, kowane ne mai sayen. In dokar ta kowa ce, ba wanda zai ji an wulaƙanta shi. Na huɗu, duk wanda aka damfara ya zo ya faɗa, a rubuta yadda aka yi masa, a sanar a masallatai. Shirun da muke yi saboda kunya shi ke ba ɗan damfara damar cin rumfa goma da dabara ɗaya. Ni kaina sai da na yi wata uku ban gaya wa kowa ba, ashe a cikin watannin nan an yi wa mutum biyu a layinmu irin abin da aka yi mini. Wannan yana damuna har yau.

Ku samari, kun fi mu sanin waya, amma mun fi ku sanin mutane. Ku koya mana latsawa ba tare da raini ba, mu kuma mu koya muku yadda ake gane mai zuwa da zamba tun daga sallamarsa. Ku dattawa 'yan'uwana, kada girman kai ya hana mu zama gaban 'ya'yanmu mu koya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayenmu sun riƙe wannan zango sama da shekara 100 da sanin mutum da shaida da rubutu, kuma ba abin da ya hana mu ɗauko su mu haɗa da wayar da ke aljihunmu.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ba mu halal mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.